Wa Zai Gaji Malaman Babbar Wuta? Tambayar Da Ke Gaban Jami'ar Keffi

Da safiyar Asabar, 19 ga Oktoban 2024, wata taransifoma ta auna wuta ta fashe a babbar tashar lantarki ta Jebba. Kafin a ankara babban layin wutar ƙasa ya durƙushe, garuruwa suka auka cikin duhu ɗaya bayan ɗaya. Bayan kwana biyu kuma layin da ya taso daga Ugwuaji ta Jihar Inugu, ya bi ta Makurɗi da Lafiya ya nufi Jos, shi ma ya katse, alhali tun kafin nan an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna. Kano da Katsina da Bauci da Gombe da sauran manyan biranen Arewa suka shafe fiye da mako guda babu wuta. Shekara guda kafin wannan, a watan Satumban 2023, gobara ta cinye manyan taransifomomi a tashar Birnin Kebbi, ta bar Kebbi da Sakkwato da Zamfara suna lalube.

Duk lokacin da irin haka ta faru, tambayoyinmu ba sa canzawa: wane ne minista, nawa aka ware, wa ya ci kwangila. Tambayoyi ne masu kyau, kuma dole a yi su. Amma akwai wadda ba kasafai ake jin ta ba. A duk faɗin ƙasar nan, mutum nawa ne za su iya tsayawa a kan gawar waccan na'ura ta Jebba, su buɗe cikinta, su faɗi abin da ya kashe ta, sannan su nuna wadda za ta bi bayanta idan ba a yi hattara ba? A ina ake horar da irin waɗannan mutane, kuma wa yake horar da su?

Fannin nasu shi ne injiniyancin babbar wuta, wadda masu gyaran lantarki ke kira hai-tenshan. Reshe ne ƙarami a cikin injiniyancin lantarki, malamansa kaɗan ne ko a ƙasashen da suka ci gaba, balle a nan. Ga Keffi kuwa, garin da ke da jami'ar jiha mai sabuwar tsangayar injiniyanci, kuma yake zaune a kan hanyar da manyan wayoyi ke bi daga Abuja zuwa Akwanga, maganar ta wuce ta ilimi zalla.

Abin da suke karantawa

Wutar da ke shiga gidajenmu ba ta wuce bolt 230 zuwa 240 ba. Amma daga madatsar Kainji, wadda aka kammala a 1968, ko Shiroro, ko Zungeru, ba da wannan ƙarfi take tasowa ba. Ana ɗaga ta zuwa bolt dubu 330, a sauko da ita dubu 132 a manyan tashoshi, sannan dubu 33 da dubu 11, kafin taransifomar unguwa ta mayar da ita yadda firji da fanka za su iya ɗauka. Dalilin wannan hawa da sauka lissafi ne mai sauƙi: idan aka ninka ƙarfin wuta sau goma, abin da ke salwanta a kan waya saboda zafi yakan ragu sau ɗari. Mutanen Lafiya sun ɗanɗani wannan lissafi a jikinsu. Shekara da shekaru babban birnin na Jihar Nasarawa yana dogaro da layin dubu 33 da aka jawo daga Akwanga, wutar ta iso a galabaice, har sai da Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe tashar dubu 330 ta Akurba a watan Fabrairun 2022.

Sai dai wuta mai irin wannan ƙarfi ba ta son zama a inda aka ajiye ta. Iskar da muke shaƙa tana tare wuta, amma tana da iyaka: idan ƙarfin ya kai kimanin bolt dubu 30 a tazarar santimita ɗaya, iskar kan sare, wutar ta yi tsalle. Shi ya sa ba sai mutum ya taɓa babbar waya take kashe shi ba, kusantarta ma ya isa. Shi ya sa kuma doka ta ce a bar mita 25 a kowane gefe na layin dubu 330, da mita 15 a kowane gefe na layin dubu 132, dokar da duk wanda ya bi ta Mararraba da Masaka ya san yadda shaguna da gidaje suka yi mata. Farantan gilashi ko na tangaran da ake jerawa a kan turaku, uku ko huɗu a ƙaramin layi, kusan ashirin a babba, aikinsu ke nan: su hana wuta bin ƙarfe ta sauka ƙasa.

Saboda haka babban abin da malamin wannan fanni yake ƙarar da rayuwarsa a kai shi ne makarin wuta, wato duk abin da ke tsare ta a kan hanyarta, ko iska ce, ko gilashi, ko roba, ko takarda, ko mai. Yaushe yake tsufa, me ke tsufar da shi, wace alama yake nunawa kafin ya ba da kai.

A ɗauki taransifomar unguwa, wadda kowa ya san ta. A cikin tankinta akwai naɗin jan ƙarfe da aka lulluɓe da wata irin takarda, aka nutsar cikin mai. Man yana aiki biyu, yana sanyaya naɗin, yana kuma tare wuta. Takardar ita ce ran na'urar, kuma masana sun daɗe da gano cewa duk ƙarin zafi na digiri 6 zuwa 8 a kan ƙa'ida yana raba kwanakinta biyu. To a dubi taransifomar da aka kafa don gida ɗari a wata unguwar ɗalibai irin Angwan Lambu ta Keffi, yau gida ɗari uku ke rataye a wuyanta, ga masu walda, ga injin niƙa, ga zafin watan Maris. Ba ta mutuwa rana ɗaya. Takardar ce ke gasuwa a hankali, danshi na shiga man ta inda murfi ya saki, har ranar da za a ji ƙara, a ce taransifoma ta buga. Daga nan sai karo-karo, sai zarya ofishin masu wuta, sai wata biyu ko uku ana kwana da ƙarar janareta.

Abin takaicin shi ne ana iya ganin wannan mutuwa tun tana nesa. Kamar yadda likita ke ɗibar jini ya gane cuta, haka ake ɗibar man taransifoma a kwalba. A zuba shi tsakanin ƙarafa biyu masu tazarar milimita biyu da rabi, a yi ta ƙara wuta har ta huda shi. Mai mai lafiya bai kamata ya sare ƙasa da bolt dubu 30 ba. Sannan a auna iskar da ta narke a cikinsa, domin kowace irin matsala da irin iskar da take haifarwa: idan aka ga iskar asitilin, wadda masu walda suka sani, to akwai tartsatsi a ciki, kuma lokaci ya ƙure. Gwaji ne da kuɗinsa bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da farashin sabuwar na'ura.

Akwai kuma abin da ya keɓanta da ƙasarmu. Hunturu yana shimfiɗa ƙura a kan farantan turaku wata uku ko huɗu. Idan raɓa ta sauka, ko aka yi yayyafin farko, ƙurar ta zama laka mai ɗaukar wuta, sai wutar ta bi bayan farantin ta tsallake. Ga tsawar damina, wadda yankin tsakiyar Najeriya ke shan ta sosai. Na'urorin da muke saya an ƙera su ne a Turai da Sin da Indiya, an gwada su a can. Yadda za su yi da ƙurar hunturu da zafin bazara tambaya ce da babu wanda zai amsa mana ita idan ba mu ba.

Tsanin da ake hawa

Kafin a kira mutum farfesa a wannan fanni, tafiya ce mai nisa. Digirin farko na injiniyanci shekara biyar ne, a ciki har da wata shida na koyon aiki a masana'anta. Sai hidimar ƙasa. Idan sakamakonsa ya yi kyau jami'a ta riƙe shi a matakin mataimaki, ya yi digiri na biyu, ya yi na uku, yana koyarwa yana karatu. Daga nan sai lakcara mai daraja ta biyu, ta ɗaya, babban lakcara, mataimakin farfesa, sannan farfesa, kuma a ƙa'ida akan yi aƙalla shekara uku tsakanin mataki da mataki. A matakai biyun ƙarshe ba jami'arsa kaɗai ke yanke hukunci ba, ana tattara maƙalunsa a aika wa wasu farfesoshi na waje su tantance. Ga rajista da hukumar COREN, wadda aka kafa a 1970 don sa ido kan aikin injiniya. Wanda komai ya tafi masa daidai zai kwashe shekara ashirin ko fiye daga ranar da ya shiga aji ɗaya. Doka ta ba shi damar zama a kujerar har ya cika shekara 70.

Wannan tsani kowane malamin jami'a yana hawansa. Abin da ya bambanta na babbar wuta shi ne ba ya iya hawa da alli da allo kaɗai. Malamin lissafi na iya rubuta maƙala da takarda da biro. Shi kuwa wannan sai da ɗakin gwaji mai tsayin rufi, da na'urar da za ta ɗaga wuta zuwa bolt dubu ɗari ko fiye, da keji na ƙarfe, da ƙasa da aka binne wa jan ƙarfe don tsaron rai. Sai da injin ƙirƙirar tsawa, irin wanda Bajamushe Erwin Marx ya fito da shi a 1924, wanda ke harba wuta ta kai ƙololuwa a cikin kusan kashi ɗaya bisa miliyan na daƙiƙa, don a ga ko na'ura za ta jure aradu. Inda babu waɗannan, sai ɗalibi ya koma kwamfuta yana zana abin da bai taɓa gani da idonsa ba. A nan ne da yawa suke sauya hanya. Wasu su koma fannin sadarwa ko kwamfuta inda kayan aiki ke da sauƙin samu, wasu su tafi waje karatu, su ga ɗakunan gwajin can, su kasa dawowa. Ban ga laifinsu ba.

Arewa ba ta rasa manyan malaman lantarki ba. Jami'ar Ahmadu Bello ta gaji sashen injiniyancinta daga tsohuwar kwalejin fasaha ta Zariya tun kafuwarta a 1962, kuma daga can ne Farfesa Buba Bajoga ya fito har ya shugabanci kamfanin sadarwa na NITEL. Jami'ar Bayero ta ba da Farfesa Umar Garba Ɗanbatta, wanda ya riƙe hukumar sadarwa ta NCC daga 2015 zuwa 2023. Amma a lura, duka biyun gwanayen sadarwa ne. Masu makarin wuta ba su da yawa.

Wanda ya dawo Zariya

Ɗaya daga cikin 'yan kaɗan ɗin shi ne Farfesa Abdelghaffar Amoka Abdelmalik na Jami'ar Ahmadu Bello. A sashen fiziks yake, wanda hakan kansa ya nuna yadda fannin ya ratsa tsakanin kimiyya da injiniyanci. Ya yi digirinsa na uku a Jami'ar Leicester ta Ingila, ya kammala a 2012, kuma tambayar da ya ɗauka ta gida ce: shin man tsiro zai iya maye gurbin man taransifoma da ake samu daga ɗanyen man fetur? Man da ya zaɓa shi ne alayyadi, wanda ake tatsa daga ƙwarar kwakwar manja, wanda iyayenmu mata suka sani tun fil azal.

Tambayar tana da tushe. Man da ake zubawa a taransifoma tun fiye da shekara ɗari yana kama wuta a kusan digiri 150, idan ya malale a ƙasa ba ya ruɓewa da wuri, kuma da kuɗin waje ake shigo da shi. Man tsiro irin na waken suya ba ya kamawa sai ya haura digiri 300, ƙasa tana cinye shi, kuma yana janye danshi daga takarda, abin da ke ƙara mata kwana. A Amurka an fara sayar da irin wannan mai tun ƙarshen shekarun 1990, a Jamus kuma kamfanin Siemens ya ƙera taransifomar bolt dubu 420 mai aiki da shi. Sai dai man tsiro yana da nasa aibi. Yana da kauri, don haka ba ya zagayawa da sauri ya kwashe zafi, iska tana ɓata shi, shi kuwa alayyadi da sanyi ya taɓa shi sai ya daskare. Aikin Abdelmalik shi ne sarrafa man ta hanyar haɗa shi da sinadarai har ya tsinke, ya daina saurin lalacewa, sannan a gwada ƙarfinsa gaban wuta, shi kaɗai da kuma tare da takarda.

Bayan Ingila ya yi aikin bincike a jami'ar kimiyya da fasaha ta Norway da ke Trondheim, inda ake nazarin na'urorin lantarki da ake nutsarwa ƙarƙashin teku. Mutum mai irin wannan takarda yana da ƙofofi da yawa a buɗe. Ya dawo Zariya, ya shiga haɗa ɗakin gwaji kaɗan-kaɗan, ya tara ɗalibai. Daga wannan ɗaki an fitar da bincike a kan man darbejiya da na bini-da-zugu, itatuwan da ke tsaye a bakin kowace hanya da shingen kowace gona a ƙasar Hausa, kuma amfaninsu shi ne ba a cin su, don haka taransifoma ba za ta yi gasa da tukunya ba. Masu karanta jaridu kuma sun san shi da rubuce-rubuce masu zafi a kan halin da jami'o'in gwamnati ke ciki.

Zafin nasa yana da dalili. A 2020 jami'o'in tarayya sun rufe wata tara saboda yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU, a 2022 kuma wata takwas, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. A lokacin wannan yajin aiki na biyu, albashin farfesan da ya kai ƙarshen tsani bai kai naira dubu 500 a wata ba. Gwajin tsufan mai da takarda yana buƙatar tanda ta yi makonni tana aiki ba yankewa. A yi tunanin mai binciken lantarki da ɗauke wuta ke rushe wa gwaji, ya koma farko.

Abin da Keffi za ta iya

Jami'ar Jihar Nasarawa da ke Keffi an kafa ta a 2001, zamanin Gwamna Abdullahi Adamu, Farfesa Adamu Baikie ne shugabanta na farko. Ta yi suna a shari'a da harkokin mulki da ilimi, kuma kusancinta da Abuja, tafiyar kilomita hamsin da 'yan kai, ya sa ma'aikatan birnin tarayya ke tururuwa zuwa karatun gaba da digiri. Injiniyanci ya zo mata daga baya, a mulkin Gwamna Abdullahi Sule, wanda shi kansa injiniya ne, aka kuma ajiye tsangayar a Gudi ta Ƙaramar Hukumar Akwanga. A 2024 Farfesa Sa'adatu Hassan Liman ta zama mace ta farko da ta shugabanci jami'ar.

Sabuwar tsangaya tana da wata dama da tsofaffi ba su da ita: ba ta riga ta daskare ba, tana iya zaɓar abin da za a san ta da shi. Hanya mai sauƙi ita ce ta kwaikwayi kowa, ta koyar da komai sama-sama, ta yaye injiniyoyin da ba su taɓa jin ƙarar tartsatsin bolt dubu hamsin ba. A ganina wannan asara ce, domin duk abin da fannin babbar wuta ke nema yana kewaye da ita. Akwai tashar dubu 132 a Keffi da wata a Akwanga, akwai ta dubu 330 a Lafiya. Hedkwatar kamfanin TCN mai kula da manyan layuka, da ta AEDC mai raba wuta a Abuja da Nasarawa da Neja da Kogi, duk suna nan Abuja. An buɗe masana'antar sarrafa ma'adinin litiyam a jihar a 2024, kuma irin waɗannan masana'antu ba sa rayuwa sai da wuta mai ƙarfi, tsayayya. Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu, wanda ke nufin jiha za ta buƙaci nata masanan. Kuma ɗan jihar ne, Farfesa Mohammed Sani Haruna, injiniyan lantarki, ya shugabanci hukumar kimiyya da injiniyanci ta NASENI daga 2013 zuwa 2023, hukumar da ke da cibiyar ƙera kayan lantarki a Okene. Ba a rasa wanda za a tambaya ba.

Ba sai an fara da katafaren gini ba. Ɗakin gwajin man taransifoma, da na'urar ɗaga wuta zuwa bolt dubu ɗari, da wutar sola mai batir da za ta hana gwaji katsewa, sun isa a soma, kuma irin abin da asusun tallafa wa manyan makarantu na TETFund ke iya ɗauka ne. Idan aka ƙulla yarjejeniya da masu raba wuta, ɗalibai su riƙa zagayawa Keffi da Masaka da Akwanga suna ɗibar mai, suna auna nauyin da ke kan kowace taransifoma, to cikin 'yan shekaru jami'ar za ta mallaki bayanan da babu mai irinsu, kamfani ya rage asara, unguwanni su rage karo-karo, ɗalibi kuma ya fita da aiki a hannunsa.

Amma gini da na'ura su ne ɓangare mai sauƙi. An sha ganin kayan gwaji na miliyoyi suna ruɓewa cikin akwatunansu a makarantun ƙasar nan saboda babu wanda ya iya kunna su. Mutum ake fara ginawa. A zaɓi matasa biyu ko uku masu ƙwazo daga cikin waɗanda tsangayar ke yayewa, maza da mata, a tura su Zariya su zauna gaban waɗanda suka riga su, a tura su waje su ga yadda ake yi, sannan, wannan shi ne muhimmi, a tanadar musu ɗakin da za su dawo su tarar da albashin da zai riƙe su. Yaro ko yarinyar da za a kira farfesan babbar wuta a Keffi nan da 2045, yau yana aji biyu ko uku.

Kira ga Gwamnatin Jihar Nasarawa, da hukumar gudanarwar jami'ar, da Mai Martaba Sarkin Keffi, Dokta Shehu Chindo Yamusa na Uku, da attajiran jihar: a sa ɗakin gwajin babbar wuta cikin kasafin shekara mai zuwa, a ware kujerar bincike da sunan wannan fanni, a kuma fitar da sunayen matasan da za a horar tun yanzu.